Kwanan Daji da Ƙaramin Yaro: Tambayoyi da Amsoshi ga Iyaye

Waɗannan amsoshi sun shafi yaron da ya bar rarrafe ya fara tatata, har zuwa wanda ya kai shekara 3, wato shekarun da ƙafa ta riga hankali girma. Na tattara su ne daga tambayoyin da 'yan uwa da abokan arziki suke yi mini tun da suka ga muna ɗaukar tanti da yaranmu muna zuwa mu kwana a waje lokacin hutu.

Ya dace tun farko a kai yaro ɗan wannan shekaru ya kwana a daji?

Ya dace, muddin yaron yana cikin ƙoshin lafiya, an yi masa alluran rigakafinsa, kuma iyayen sun yarda cewa tafiyar za ta gudana ne bisa lokutan barcinsa da cin abincinsa. A jadawalin rigakafi na Najeriya ana yi wa yaro allurar ƙyanda da ta shawara da ta sanƙarau yana wata 9, a maimaita ta ƙyanda yana wata 15, saboda haka a duba katinsa kafin a fara haɗa kaya. Yaron da yake zazzaɓi, ko gudawa, ko bai daɗe da tashi daga ciwo ba, a bar shi ya murmure tukuna, haka ma wanda ake tsakiyar yaye shi, domin ba a haɗa wa yaro rabuwa da nono da baƙon wuri a mako ɗaya.

Sau da yawa akan kawo misali da Fulani makiyaya, a ce ai 'ya'yansu a ruga suke tashi. Gaskiya ne, amma uwar da take zaune a ruga ta san kowane rami da kowace ciyawa da ke kewaye da bukkarta, alhali mu 'yan birni baƙi ne a wurin, kuma yaranmu sun fi mu baƙunta. Ranar da na fara gaya wa mahaifiyata niyyarmu, sai ta ce, "Yanzu fisabilillahi ina za ku kai mini jika cikin namun daji?" Na ce mata, "Hajiya, ba zaki nake tsoro ba." Abubuwan da suke cutar da yaro a zango su ne ruwa, da wuta, da sauro, da gurɓataccen abin sha, kuma dukkansu abubuwa ne da iyaye suke iya shiryawa kansu tun daga gida.

A ina ya kamata a fara?

A tsakar gida. A kafa tantin a kwana a ciki dare ɗaya, domin yaron ya saba da ƙamshinsa da motsin yadinsa idan iska ta kaɗa, iyaye kuma su gano abin da suka manta alhali ɗaki yana kusa. Bayan haka sai a gwada dare ɗaya a gonar wani ɗan uwa ko a ƙauyen da aka san mutanensa, inda tafiya zuwa asibiti ba za ta wuce awa guda ba.

Batun tsaro ba abin ɓoyewa ba ne. Akwai dazuzzuka da yawa a arewacin Najeriya da kudancin Nijar waɗanda a halin da ake ciki bai kamata babba ma ya kwana a cikinsu ba, balle mai goyo. Kada a kafa tanti sai a wurin da ke da masu gadi da hukumar da ke kula da shi, a tambayi mutanen yankin halin da hanya take ciki a makon da za a tafi, a yi tafiya da rana, sannan a sanar da wani a gida inda aka nufa da ranar dawowa.

Wurin da mutanenmu suka fi sani shi ne gandun dajin Yankari da ke ƙaramar hukumar Alkaleri a jihar Bauchi, wanda aka keɓe a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, kuma faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. Ana barin titin Bauchi zuwa Gombe a Dindima, a shiga ta ƙofar Mainamaji, daga nan a yi tafiyar kimanin kilomita 40 cikin daji kafin a isa zangon Wikki. Amfaninsa ga mai ƙaramin yaro shi ne akwai ɗakunan kwana, ta yadda idan dare ya yi tsanani ana iya komawa ƙarƙashin rufi. Sai dai a tuntuɓi hukumar gandun tun kafin a taso, a ji ko an yarda a kafa tanti da kuma inda aka ware domin haka, kuma a riƙa tunawa da wannan nisa na kilomita 40 duk lokacin da ake lissafin isa asibiti.

Wane lokaci na shekara ya fi?

Daga ƙarshen kaka zuwa cikin hunturu, wato Nuwamba zuwa farkon Fabrairu, lokacin da ruwan sama ya ɗauke, sauro ya ragu, ciyawa ta bushe har ana iya ganin inda ake taka ƙafa. Matsalar wannan lokaci ita ce sanyin asuba da ƙura. Masu son ganin dabbobi sun fi son Maris da Afrilu, domin a lokacin ne ƙishirwa take tara giwaye da ɓauna a bakin kogin Gaji da ke cikin Yankari, amma zafin bazara yana haura digiri 40, tanti kuma yakan zama kamar tanda da tsakar rana, jikin ƙaramin yaro kuwa yana saurin rasa ruwa fiye da na babba. Damina ban ba da shawararta ba ko kaɗan.

Wa zai riƙa kula da yaron, tunda manya suna da yawa?

Yawan manyan nan shi ne haɗarin. Uwa tana girki tana zaton yaro yana wurin ubansa, uba yana ɗaure igiyar tanti yana zaton yana wurin gwaggonsa, gwaggo kuma ta tafi alwala. Kowa ya ga yaron ɗazu, amma babu wanda yake kallonsa yanzu.

Mun taɓa ganin haka da idonmu a wata gona da muka kwana. 'Yarmu tana da wata 20 a lokacin, mu manya huɗu muna tsaye kusa da juna muna sauke kaya daga mota, sai na waiga na hango ta ta leƙa cikin bokitin ruwan wanke-wanke, cikinta a kan bakin bokitin, ƙafa ɗaya ta riga ta bar ƙasa. Ba ta yi ƙara ba, ba ta kira kowa ba. Kan yaro ɗan wannan shekaru yana da nauyi idan aka kwatanta da sauran jikinsa, idan ya kife cikin bokiti ba ya iya ɗagowa, kuma ruwan da bai wuce tsawon yatsa ba ya isa ya halaka shi cikin 'yan mintoci.

Tun daga ranar muka kafa doka guda: a kowane lokaci akwai mutum ɗaya tak wanda yaron yake hannunsa, kuma ba ya sakin wannan amana sai ya miƙa ta da baki, an amsa masa da baki. Maman yara takan ce, "Baban Ummi, ga ta nan a hannunka," ni kuma in ce, "Na karɓa." Wanda ya karɓa ba ya girki, ba ya danna waya, ba ya ɗaukar hoto. Ba a ba wa yayan yaro ɗan shekara 7 ko 8 wannan aiki, ko da a gida shi yake rainonsa. Idan aiki ya taso wanda yake buƙatar kowane hannu, kamar kafa tanti ko haɗa kaya, sai a goya yaron da zane da majanyi, domin har yanzu ban ga abin da ya kai goyo tsare yaro a daji ba. Bokitai kuma a kife su ko a rufe da zarar an gama aiki da su.

Yaya za a kare shi daga sauro da sauran ƙwari?

Sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro yana cizo ne daga faɗuwar rana zuwa wayewar gari, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 5 su cutar ta fi kashewa. Saboda haka a sa wa yaro riga mai dogon hannu da dogon wando da safa tun kafin magariba, a shigar da shi tanti da zarar rana ta faɗi. Wannan ya yi daidai da abin da aka koyar da mu a hadisi na tsare yara a gida idan duhu ya fara shigowa, kuma a daji hikimarsa a fili take, tunda lokacin ne sauro da kunama da maciji suke fitowa. A ɗaura gidan sauro mai magani a cikin tantin ko da tantin yana da raga, a cusa gefensa ƙarƙashin katifa, a kuma tabbata jikin yaron ba ya manne da ragar idan ya juya.

Man shafawa mai korar sauro wanda ke ɗauke da sinadarin DEET daga kashi 10 zuwa 30 cikin 100 ana iya shafa wa yaro ɗan wannan shekaru. Babba zai zuba a tafinsa ya shafa masa a fatar da take waje kaɗai, ban da tafin hannu da kewayen ido da baki, domin hannun yaro kullum a bakinsa yake ƙarewa. Ba a kunna maganin sauro mai hayaƙi a cikin rufaffen tanti. Maganin kariya da ma'aikatan lafiya suke raba wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 gida-gida duk wata a lokacin damina yana da amfani ƙwarai, amma bai ɗauke wajibcin gidan sauro ba.

A wurare irin su bakin kogin Gaji akwai ƙudan tsando, wanda shi da rana yake cizo, kuma baƙin tufafi da shuɗi suna jawo shi, don haka a sa wa yaro kaya masu hasken launi da ɗan kauri.

Yaya batun barci da sanyin dare?

Yaro ɗan shekara 1 zuwa 2 yana buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 a cikin awa 24, haɗe da na rana, kuma yawancin rigimar da ake ɗora wa daji rashin barci ne ya haife ta. A kiyaye lokacin da ya saba kwanciya, a taho masa da zanen da ya san ƙamshinsa, a kwantar da shi tsakanin iyayensa nesa da ƙofar tanti, a zuge zif ɗin har sama inda hannunsa ba ya kaiwa.

Sanyi daga ƙasa yake tasowa, saboda haka tabarma kaɗai ba ta isa ba, sai an ɗora katifa ko bargo mai ninki biyu a kanta. Tunda yara suna ture bargo cikin barci, ya fi kyau a sa masa sutura hawa-hawa da hula da safa. Idan ana son sanin ko yana jin sanyi ko zufa, a taɓa ƙirjinsa ko bayan wuyansa, domin tafin hannu ba ya nuna gaskiya. Man kaɗanya ko basilin yana hana leɓe da kumatu tsagewa a hunturu.

Abu ɗaya nake roƙon kowane mai karatu: kada a shigar da kurfoti, ko garwashi, ko risho, ko murhun gas cikin tanti domin ɗumama shi, kuma kada a ajiye janareta kusa da shi. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana sa mutum ya zarce daga barci zuwa suma, kuma yaro ta fi saurin kamawa.

Me zai ci, me zai sha?

Abin da ya saba da shi. Garin koko ko na kunun gyada da za a dama sabo, shinkafa, taliya, dankali, dafaffen ƙwai, ayaba da lemo duk suna tafiya lafiya. Idan har yanzu yana shan nono, wannan babbar rahama ce a tafiya, a ci gaba da ba shi. Dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye ba tare da sanyi ba, madarar da aka dama kuma aka rage a zubar. Gyaɗa ɗaiɗai, da aya, da gugguru, da dabino mai ƙwallo suna iya shaƙe yaro, musamman idan yana ci yana yawo, don haka a zaunar da shi kafin a ba shi komai.

Ruwan sha a taho da shi daga gida a jarka mai murfi, a lissafa fiye da abin da ake zaton za a buƙata. Idan ya ƙare aka koma ga ruwan wurin, a tace shi a tafasa har ya yi minti ɗaya yana zaɓalɓala, komai kyan idonsa. A ajiye buta da sabulu a bakin tanti domin wanke hannu kafin ci da bayan an yi masa tsarki.

Wane magani za a riƙe, kuma me za a yi idan ya fara gudawa ko zazzaɓi?

A riƙe ƙunshin ORS, wato garin gishiri da sukari na masu gudawa, da ƙwayar zinc, da farasitamol na yara, da ma'aunin zafin jiki, da filasta da bandeji da sabulu, duk a cikin jaka mai rufewa da za a rataye sama. Idan gudawa ta fara, a narkar da ORS cikin adadin ruwan da aka rubuta a jikin takardar, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan da cokali ko kofi, kimanin mililita 50 zuwa 100 bayan kowane bahaya ga ɗan ƙasa da shekara 2, mililita 100 zuwa 200 ga wanda ya haura haka. Zinc ana ba da miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14 ga wanda ya wuce wata 6. Idan babu ORS, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, duka a shafe, cikin lita ɗaya ta tafasasshen ruwa.

Zazzaɓi kuwa a ƙasarmu ana ɗaukarsa da muhimmanci har sai gwaji ya nuna abin da yake. Farasitamol yana sauke zafi ne kawai, saboda haka a kai yaro a gwada jininsa cikin awa 24. Wannan ya shafi zazzaɓin da ya taso bayan an dawo gida, domin cutar takan ɗauki mako guda ko fiye kafin ta bayyana.

Maciji da kunama fa?

A share filin da za a kafa tanti, a nisanci tarin duwatsu da ruɓaɓɓen kututture da suri da doguwar ciyawa. Yaro ya sa takalmi rufaffe duk lokacin da yake waje, wanda zai kare shi har daga ƙaya da ƙarangiya, kuma a kakkaɓe takalma da tufafi kowace safiya kafin a sa. Bayan duhu babu mai takawa sai da tocila.

Macijin da ya fi yin ɓarna a yankin Bauchi da Gombe da Filato da Taraba shi ne kububuwa, wadda ake yi wa laƙabi da gobe-da-nisa, kuma dafinta yana hana jini daskarewa. Wannan shi ya sa tsaga wurin sara da reza yake da muni ƙwarai. Kada a tsaga, kada a tsotse, kada a ɗaure gaɓar tamau da igiya, kada kuma a ɓata lokaci wurin mai magani. A cire abin hannu ko na ƙafa, a hana gaɓar motsi, a ɗauki yaron a nufi asibiti nan take ko da yana wasa kamar ba abin da ya same shi, domin alamun sukan jinkirta. A Kaltungo ta jihar Gombe akwai asibitin da ya keɓanta da kula da saran maciji, kuma yana da kyau tun kafin tafiya a san asibiti mafi kusa da ke ajiye allurar kashe dafi. Harbin kunama ma ya fi tsanani ga yaro saboda ƙanƙantar jikinsa, don haka shi ma asibiti za a kai shi.

Ana cewa birai suna shigowa har cikin zango. Gaskiya ne?

Gaskiya ne. A Wikki gwaggon biri da gadu suna yawo tsakanin ɗakuna, kuma biran sun ƙware wajen fizge abinci. Yaron da ke riƙe da biskit shi ne mafi sauƙin fizgewa a wurinsu, saboda haka ya ci abincinsa a cikin ɗaki ko mota ko rufaffen tanti, sauran abinci kuma ya kwana a kulle cikin mota. Ba a ba su abinci don yaro ya yi dariya. Idan biri ko kare ya ciji yaro ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa har minti 15, sannan a garzaya asibiti saboda ciwon haukan kare.

Zagayen kallon dabbobi a buɗaɗɗiyar mota yakan ɗauki sa'o'i cikin ƙura da girgiza. A ganina ya fi kyau iyaye su yi karɓa-karɓa, ɗaya ya tafi da safe, ɗaya da yamma, yaron ya zauna a zango, inda tururuwa da ƙadangare da tsakuwa sun ishe shi kallo.

Za a iya sa shi a ruwa?

Ruwan Wikki mai ɗumi ne, zafinsa yana tsayawa a kusan digiri 31 dare da rana, kuma garau yake har ana ganin yashin ƙasa. Ana iya shiga da yaro a gefen da ba zurfi, yana riƙe a hannun babba, na ɗan lokaci, ba tare da an dogara da robar iyo ba. Amma kududdufi da tafki da madatsar ruwa, kada ya taɓa su ko da ƙafa, saboda tsargiya, wadda ƙwayarta take shiga ta fata.

Idan ya taɓa wuta fa?

A zuba wa wurin ruwa mai sanyi har minti 20, a rufe da tsaftataccen ƙyalle, a kai shi asibiti idan ƙunar ta tashi ko ta shafi fuska ko hannu ko al'aura. Ba a shafa man goge baki ko manja ko ƙwai. Murhu a kafa shi nesa da wurin wasa, fulas da tukunyar shayi su kasance sama, garwashi kuma a kashe shi da ruwa, domin toka takan ɓoye wuta har washegari, yaro kuwa yana son tona toka. Kananzir kada a zuba shi a robar ruwan sha ko ta lemo.

Yaya za a yi da fo da famfas?

A taho da fo ɗinsa na gida, a zubar a masai idan akwai, idan babu a haƙa rami nesa da ruwa a binne. Famfas ba ya ruɓewa, dabbobi kuma suna tono shi, don haka a ƙulle a leda a fito da shi. Yaron da ya fara koyon fo yana iya komawa baya na kwana biyu a baƙon wuri, kada a yi masa faɗa.

Yaushe ya kamata a katse tafiyar a koma gida?

Kukan daren farko ba dalili ba ne, yawanci goyo da ɗan zagaye da tocila a bakin tanti suna kwantar da shi. Amma idan yaro ya ƙi shan komai ko ya ƙi nono, ko yana amayar da duk abin da aka ba shi, ko idanunsa sun faɗa kuma ya daɗe bai yi fitsari ba, ko numfashinsa ya yi sauri har haƙarƙarinsa suna lotsawa, ko ya yi jijjiga, ko ya yi laushi ana tashinsa da ƙyar, to ba a jiran gari ya waye, ba a tsayawa naɗe tanti. Haka nan idan masu gadi ko mutanen gari suka ce ba su gamsu da yanayin tsaro ba, a bi maganarsu. Saboda irin wannan lokaci ne nake kwana da mota cike da mai, fuskarta tana kallon hanyar fita, makulli da tocila da katin asibitin yaron kuma suna cikin jaka ɗaya a inda nake ajiye kaina.